Kalma Ɗari Biyar

Fom na goma sha ɗaya ke nan tun Janairu.
A shagon wankin kaya nake cika shi, nan Yakima,
inda intanet kyauta ne ga mai wanki,
shi ya sa na zo da zanen gado guda, wankakke ma,
na jefa a inji, na buɗe kwamfutar aro.

Suna: Nayeli Zamarripa Olvera.
Gurbin ya cika kafin in kai ga Olvera,
sai na bar uwata a waje.

Abin da mahaifi ke samu a shekara.
Wace shekarar?
Wadda itatuwa suka yi nauyi har aka tokare su,
ko wadda ƙanƙara ta sauko a Yuni ta tsaga 'ya'yan?
Da akwatin tuffa ake biyan Eusebio, ba da wata ba,
kuma babu gurbin da za a rubuta tsani,
balle kafaɗar da ke kwana tana zogi.

Sai babbar tambaya:
ba mu labarin wahalar da kika tsallake,
kada ya wuce kalma ɗari biyar.

Na san abin da ke jiƙa idon kwamiti.
Na karanta na waɗanda suka ci bara.
Dala dubu uku ce a kan tebur:
kuɗin zango ɗaya, littattafai, da tayar gaba.

Amma Farfesa Ocasio ta horar da mu:
wa, me, yaushe, ina, don me,
sannan kar ki buga abin da majiya ba ta yarje ba.
Don haka jiya na ɗauki waya na shiga kicin,
Mama na murza ƙullun masara, ba ta ko waiwayo ba.
Na ce, daren da kuka ƙetaro kogin nan...
Ta ce, kashe wannan abin.
Na kashe.

Sai ta faɗa, duka, tiryan-tiryan,
minti arba'in, tanda na ƙona na farko.
Takalmin da ruwa ya tafi da shi.
Ƙanwarta Remedios, da ta ce ku yi gaba, ina zuwa.
Ban taɓa sanin ina da wata inna ba.

Ta goge hannu a gefen siket, ta ce:
wannan naki ne, ba nasu ba.
Ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba.

Ga labarin da ya fi duk wanda zan taɓa samu,
ga majiya ta rufe ƙofa.

Yanzu inji na juyi, agogo na sha ɗaya da kwata.
Na rubuta musu ruwan famfon unguwarmu,
yadda yake fitowa da launin shayi,
yadda aka manna gargaɗi da Turanci kaɗai
a inda tsofaffi ba sa jin sa.
Ƙofa arba'in da biyu na buga.
Kare ya kore ni a ta tara.
Jaridar makaranta ta buga a shafi na shida,
ƙarƙashin tallan gidan abinci.
Mai filin ya fassara takardar. Bututun yana nan yadda yake.
Ban tsallake komai ba, na ce musu,
ina dai tsaye a bakin abin da littafi a hannu.

Ɗari huɗu da casa'in da takwas.
Saura minti bakwai na danna.
Mun karɓa, in ji allo, za ki ji daga gare mu.

Zanen ya bushe, na ninke shi da ɗuminsa.
A bangon littafina, inda ba na nuna wa edita,
na rubuta Remedios, na duba harafi-harafi.
Ƙarfe huɗu Baba zai tashi.
Fom na goma sha biyu ranar Juma'a yake rufewa,
tambayar ita ce dai,
su kalma ɗari uku suke so.